Neman Cikon Goma a Guangzhou

Shekara guda ke nan da dawowata daga Chaina, amma har yau bakina bai huta ba. A shago a tambaye ni, a majalisa a tambaye ni, har a wajen ɗaurin aure sai wani ya jawo hannun rigata ya ce, "Nasiru, wai da gaske ne suna cin kare?" Na gaji da maimaitawa. Kuma na lura duk sanda na ba da labarin sai in tsallake abin da ya fi tsaya mini a rai, don ba irin wanda ake bayarwa a tsaitsaye ba ne. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Maganar kare kuwa, ni dai ban ci ba, iyakar shaidata ke nan.

Jakunkunan mata nake sayarwa a Kano. Na daɗe ina sara a hannun masu zuwa waje, sai a 2008 na ce bari in je tushen abin da kaina. Ashe mugun lokaci na zaɓa. A shekarar ne Chaina za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik, sai suka ɗaure maganar biza tamau. Na yi zaryar Abuja har na haddace ramukan hanya kafin in samu. Da tsakiyar damina na tashi ta Legas, muka canza jirgi a Addis Ababa, daga nan kuma aka shiga zaman da ban taɓa yin irinsa ba. Na yi barci na farka, na sake yi na sake farkawa, na tambayi na kusa da ni ko mun kusa, ya ce ko rabi ba mu ci ba.

A filin jirgin Guangzhou jami'in da ya karɓi fasfona ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton. Ya yi mini alama in cire hula, na cire. Ya ƙare wa sanƙona kallo kamar a nan aka buga bizar, sannan ya nemi takardar otal da tikitin komawa. Sai da ya ga ina da niyyar barin ƙasarsu sannan ya buga hatimi.

A waje Alhaji Isuhu yana jirana. Mutumin Maraɗi ne, abokin cinikin mahaifina tun ina yaro, kuma ya daɗe yana sarin tufafi a kasuwar Kanan. Ya rungume ni ya ce, "Ɗana, ka sha hanya. To ka riƙe abu guda a garin ga: fasfonka ya zama kamar wandonka, kada ka fita ba shi."

Ya kai ni masauki a unguwar da mutanenmu ke kira Shawbe. Ɗakin in ka miƙe hannu biyu sai ka taɓa bango da bango, taga kuma bangon wani benen take kallo. Na shiga banɗaki zan yi alwala, babu buta. Na sauko wajen yarinyar da ke kan kanta, na yi ta kwatance da hannu, na tsuguna, na zuba ruwan ƙarya a ƙafata. Ta kalle ni da tausayi ta ce, "Meyo." Kalmar Sinanci ta farko da na koya ke nan, wato babu. Abin haushin, butar da ke gidana a Kano in ka kifa ta sunan Chaina za ka gani a gindinta. Na zo har inda ake yin ta, na ƙare da gorar ruwa da na huda wa murfi.

Abinci bai wahalar da ni yadda na zata ba. Akwai Musulmin Chaina masu fararen huluna, suna murza taliya da hannu a gabanka, su jefa a romon naman sa. Matsalar ita ce tsinkayen nan biyu da suke ci da su. Na yi kokawa da su har romo ya wanke mini gaban riga, daga ƙarshe na ajiye girman kai na roƙi cokali. Ga zafi mai danƙo, gumi ba ya bushewa, amma in ka nemi ruwan sha sai a kawo maka mai zafi yana tururi, wai shi ne lafiya. In mutum zai ba ka katinsa da hannu biyu zai miƙo, kai ma da biyu za ka karɓa. Mu a gida hagu ce ake gudu, su kuwa hannu ɗaya ne rashin ladabi ko da dama ne. Ranar da kewar gida ta kama ni, Alhaji ya hau da ni wani bene inda wata baiwar Allah 'yar Yamai ke tuƙa tuwo a ɗakinta, na ci da miyar kuka har na ji kamar in yi hawaye.

Jaka kuwa a Shiling take, wani gari a wajen birni da ake zuwa da mota. Tun daga bakin garin za ka ji warin gam da fata. Kowa a can lawban ne, wato maigida, kai ma da ka shigo da ƙurar hanya lawban za a ce maka. Ciniki da kalkuleta ake yi, ya danna ya miƙo, ka dafe ƙirji ka danna ka mayar.

A can na haɗu da mutumin da ya sa na ɗauki alƙalami. Azahar ta yi mini a wata masana'anta, na yi alwala na fita neman lungu, na samu wani fili a ƙarƙashin matakalar bene. Sai na tarar an riga ni. Wani tsohon Bature ne, gajere, mai farin gemu da 'yar baƙar hula kamar murfin kwano, ya fuskanci bango yana rausaya gaba da baya, leɓɓansa na motsi. Na zaci jiri ne ya kwashe shi, har na miƙa hannu zan tare shi. Ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya juyo ba. Da ya gama sai ya ja da baya kaɗan, ya waigo ya ce, "Sorry, my friend, I had to daven mincha."

Na yi sakandare, ina sauraren labarai da Turanci, amma rabin maganar nan ta wuce ni. Ya ga dardumar da ke kafaɗata, ya yi murmushi ya matsa mini. Na duba 'yar na'urar alƙiblata, sai ga shi kusan inda ya fuskanta nan zan fuskanta. Daga Chaina, Makka da Ƙudus duk yamma suke, ɗan karkace ne kawai tsakaninsu. Ya tsaya a bakin wurin yana kare ni daga masu wucewa da kwalaye har na sallame.

Sunansa Mendel, daga Manchester ta Ingila, shi ma jaka yake sayarwa. Da ya ce mini shi Bayahude ne gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ganin Bayahude da idona ba, abin da na sani daga rediyo ne da bakin mutane. Sai ga shi a gabana, tsoho mai ciwon gwiwa, yana tambayata ko na samu direban komawa. Ban samu ba. Muka shiga mota ɗaya, kuma daga ranar kusan kullum tare muke zuwa Shiling, mu raba kuɗin mota. Ban iya kiran sunan sa'an mahaifina gatsal ba, sai na koma ce masa Baba Mendel, shi kuma ya ce sunan ya yi masa.

Turancinsa kamar shinkafa da wake yake, kana cikin tafiya lafiya sai ka ci karo da wata kalma da ba ta cikin littafin makaranta. In na ce ya kwanan gajiya, sai ya ce, "Baruk Hashem." In na ce gobe ƙarfe nawa, sai ya faɗi lokaci ya ƙara da "bli neder." Rannan na gaji na ce, "Baba, wai wannan wane irin Turanci ne? Ko ni ne malamanmu suka cuta?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce wasu kalmomin daga Ibrananci suke, harshen littafinsu, wasu kuma daga Yidish, harshen da kakarsa ke yi musu faɗa da shi. Daven shi ne yin ibada, mincha kuma ibadar rana ce da lokacinta ke fita da faɗuwar rana. Baruk Hashem godiya ce ga Ubangiji. Bli neder kuwa yana nufin zan yi, amma ban ɗauki alwashi ba, don kada mutum ya saɓa wa abin da ya furta.

Na ce, "Ai in sha Allahu ke nan. Amma mu a wurinmu in tela ya faɗa maka ita ana gobe salla, ka nemi tsohuwar rigarka."

Ya ce, "Telolinmu ma haka suke."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗar abin da Turanci zalla, tunda duk akwai kalmominsu. Ya ce in ya faɗa da kalmar Turanci sai ya ji kamar labarin ibadar wani yake bayarwa, ba tasa ba. Sannan ya ce, "Kai fa? Jiya ka ce mini sai ka yi alwala, yau ka ce mu haɗu bayan la'asar, kuma duk a cikin Turanci. Ka zaci na san su ne?" Wallahi ban taɓa lura ba. Na zauna ina tunanin yadda Larabci ya zauna a bakinmu har ba ma jin baƙuncinsa, tsohuwar da ba ta taɓa buɗe littafi ba ma da shi take gaisuwa da jaje.

Sau ɗaya ya ɓata mini rai. Na fito da kilishin da na taho da shi daga gida, abin da nake tattali kamar zinare, na miƙa masa. Ya dafe ƙirji ya ba ni haƙuri, ya ce ba kosher ba ne, wato ba a yanka shi bisa ƙa'idarsu ba. Na ce Musulmi ne ya yanka da bismillah. Ya ce ya sani, amma duk da haka. Na ɗaure fuska, sai na tuna ko awa ɗaya ba a yi ba da mai masana'anta ya kawo mini abincinsa na ƙi ci, shi ma ya ɗaure fuska. Na mayar da kilishina, na fito da dabino. Wannan ya karɓa, ya yi wata 'yar addu'a a kansa kafin ya kai baki. Shi kuma abincinsa kullum kifin gwangwani ne da biskit da ayaba. Ranar Asabar na yi ta kiran wayarsa a kashe, har na ce ko ya gaji da ni ne. Ashe Shabos ce, ranar hutunsu, daga faɗuwar ranar Juma'a ba waya ba mota ba ciniki sai taurarin Asabar sun fito.

Akwai wani abu da yake yi da na daɗe ban gane ba. In aka miƙo masa samfurin jaka, sai ya ɗaga ta ya juya gefen hagunsa kamar zai nuna wa wani, sannan ya sauke hannu a hankali. Wata rana muna dawowa a mota ya faɗa mini da kansa. Matarsa Rifka ce ke zaɓar launi, tare suke zuwa sari tun suna da ƙuruciya. Ya ce shi bai san bambancin ja da ruwan hoda ba, ita ce idonsa. Bara ta rasu.

Ya ce jibi yortsait ɗinta, ranar zagayowar rasuwarta. A ranar ana kunna kyandir, kuma makusancin mamaci yana karanta wata addu'a da suke kira kadish. Amma ba a karanta ta a kaɗaice, sai a cikin minyan, wato taron maza goma. Ya yi niyyar komawa gida kafin ranar, sai bizarsa ta zo ƙarewa kaya ba su kammala ba, ya kai fasfonsa ofis don a ƙara masa kwanaki, har yanzu bai fito ba. Ba fasfo ko Hong Kong da ke nan kusa, inda nasu ke da yawa, ba zai iya tsallakawa ba. Akwai wani gida a birnin da malaminsu ke haya, inda suke taruwa, a da har wuri ke yi musu kaɗan. Amma tsananin bizar nan ya kwashe mutane, da malamin da kowa da kowa su tara suka rage.

"Ba mu haihu ba, Nasiru," in ji shi, yana kallon taga. "Ba ta da ɗan'uwa a raye. In ban karanta mata ba, babu mai karantawa a duk duniya."

Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi. Na ce, "Baba, mutum ɗaya kawai? Ka kwantar da hankalinka." Na karɓi kwatancen gidan. Shi ya ɗauka lallashi ne irin na baki, ni kuwa na riga na gama shirina. A wurinmu in ana zaman makoki, mai wucewa ma tuɓe takalmi yake ya zauna, ba a tambayar daga ina yake. Na ce mutum ɗaya ake nema, ni zan kai biyar.

Na sami mutanenmu a wajen mai tuwo na faɗa musu. Wani ɗan Kano ya ajiye loma ya ce, "Nasiru, ibadar Yahudawa za ka kai mu?"

Alhaji Isuhu ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka ibada za mu yi? Gaisuwar mutuwa za mu. In maƙwabcinka Kirista ya yi rashi a kasuwa, ba ka tahiya ka zamna? Tsoho ya rasa matatai, baƙo ne kamarmu. Mu tahi mu cika mishi wuri, su yi abinsu."

Ranarsu kamar tamu take, daga faɗuwar rana take farawa, don haka ibadar daren ranar ta riga ta wuce suna su tara. Da sassafe muka isa, mu shida, kowa ya sha kaftanin Juma'arsa, Alhaji har da babbar riga da turare. Na ƙwanƙwasa. Baba Mendel ne ya buɗe, ya yafa wani farin mayafi mai baƙaƙen layuka, ya naɗe hannunsa da baƙar igiyar fata. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Baba, ga mu. Ka ce ɗaya, na kawo ƙari."

Ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ya kama hannuna da hannu biyu. Da ƙyar ya iya yi mini bayani: goman nan dole su kasance Yahudawa. Ko mu dubu ne a ɗakin, su tara ne har yanzu. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Malaminsu, wani saurayi mai jan gemu, ya fito ya ba mu hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a kawo mana shayi. Ta taga na hango kyandir ɗin Rifka a cikin kofin gilashi yana ci.

Alhaji ya ce in tambaya saura dama nawa. Baba Mendel ya ce saura mincha, in rana ta faɗi shi ke nan sai baɗi.

Alhaji ya ajiye kofin shayi ya gyara babbar riga. "Mu da muke samo maɓallin riga a garin ga da hoto kawai, mutum guda zai gagare mu? Tambaye shi, yaya ake gane nasu?"

Baba Mendel ya ce ba a fuska ba ne, ba kuma a hula ba, da yawa ba sa sawa. Ya ce, "Ku ce da mutum ana neman na goma don minyan. In ba namu ba ne zai zaci wani abu kuke sayarwa. In namu ne, ko ya shekara talatin bai taka wajen ibada ba, zai juyo."

Haka muka watsu a garin Guangzhou, Hausawa shida da kalma ɗaya. Alhaji ya ɗauki Kanan da rumbunan masu aika kaya, yana kuma bugo wa duk wanda ya sani, kafin azahar maganar ta kai kunnen 'yan Gana da 'yan Mali. Wani mutumin Rasha da aka tare shi da kalmar ya zaro walat, ya zaci canji ake yi. Wani ɗan Labanan ya amsa da sallama ya ce an yi ɓatan kai. Ɗan Kanon nan da ya fara yin gardama shi ya fi kowa zafi, ya bugo mini yana haki wai ya samu, ga gemu ga rawani, yana riƙe da hannunsa. Na ce ya tambaye shi ƙasarsu. Ba'indiye ne, bawan Allah, ya biyo shi ne don ya zaci wani ne ba shi da lafiya.

Ni aka ba Tianhe, inda manyan benayen kayan lantarki suke. Na hau na sauka har ƙafafuna suka kumbura. Wasu su girgiza kai, wasu su riƙe jakarsu da kyau su ƙara sauri. Na yi la'asar a wani lungu, na fito na ga rana ta karkata. Na fara shirya abin da zan ce wa tsohon.

A bakin wani shagon caja na ga wani Bature da gajeren wando da silifas, da zane a damtsensa, yana ciniki da Sinanci kamar ɗan gari. Na ce wannan ai ba alama, har na wuce. Sai na dawo, don dai kada in ce ban gwada ba. Na faɗa masa yadda aka koya mini.

Bai juyo nan da nan ba. Hannunsa ne ya tsaya cak a kan cajar. Sannan ya waigo ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Me ka ce?"

Na maimaita. Ya ce, "Wa ya aiko ka? Rabon da in ji wannan kalmar tun rasuwar kakana."

Sunansa Daniyel, Ba'amurke ne, yana koyar da Turanci a wata jami'a a nan kusa. Na ba shi labarin a gurguje. Ya girgiza kai ya ce na samu wanda bai dace ba: ba ya ibada, yana cin duk abin da aka hana, ko harafi ɗaya na Ibrananci ya manta, zai je ne kawai ya ba da kunya. Na buga wa Baba Mendel, na faɗa masa. Ya ce, "Tambaye shi mahaifiyarsa Bayahudiya ce?" Daniyel ya ce e, ashe a wurinsu ta uwa ake bin asali. Tsohon ya ce, "Ka ce masa ba sai ya san komai ba. Ya zo ya tsaya kawai. Tsayuwarsa muke nema."

Duk da haka Daniyel ya tsaya yana duba agogo, yana cewa yana da aji. Na rasa da me zan roƙe shi. Sai na tuna wata kalma da Baba Mendel ke faɗa in ya ga an taimaki wani, aikin da Ubangiji ya yi umarni da shi. Na ce, "Malam Daniyel, mitsva ce fa."

Ya fashe da dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in ya ba wa mahaifiyarsa labarin cewa wani ɗan Najeriya ya tare shi a kasuwar Chaina yana yi masa wa'azin mitsva, ba za ta yarda ba. Ya ajiye cajar ya ce, "Kada mu hau tasi, cunkoso zai cinye mu. Biyo ni." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi a gaba ni a baya ina tattare kaftani, ina ta addu'a a zuciyata kada mu fito mu tarar duhu ya shiga.

Da muka fito rana ta yi ja, tana tsakanin benaye. Mutanenmu duk sun riga mu isa, sun yi cirko-cirko a ƙofar gidan. Alhaji na hango mu ya ɗaga hannu ya ce, "Ga shi nan! Ku ba shi hanya!" Aka dare. Baba Mendel yana bakin ƙofa. Ya ciro wata 'yar hula daga aljihu, ya yi ɗage don Daniyel ya fi shi tsawo, ya ɗora masa a ka, ya ja shi ciki.

Mu muka tsaya a baranda, ƙofar a buɗe. Muka ji gunaguninsu na ɗan lokaci, sannan aka yi tsit, sai muryar tsohon ita kaɗai ta tashi. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Yana faɗa yana tsayawa, sauran suna amsawa, kuma abin da suke amsawa da shi bai buƙaci tafinta ba, don amin suke cewa. A tsakiya muryarsa ta karye, aka jira shi, ba wanda ya karɓe masa, har ya ɗora da kansa ya kai ƙarshe. Na waiga na ga Alhaji Isuhu yana goge ido da hannun babbar riga. Ni ma ban tsira ba.

Da suka fito Baba Mendel ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana riƙe hannunmu. Alhaji ya ce masa da Hausa, "Allah ya ba ka haƙuri, tsoho." Na buɗe baki zan fassara, ya ce in bari, ya ji.

Daniyel da ke ta cewa yana da aji, bai tafi ba. Ya tsaya yana murza hular a hannu, sannan ya tambayi tsohon ko zai iya maimaita masa addu'ar a hankali, don shi bai taɓa karanta wa kakansa ba. Suka zauna a kan matakala, Baba Mendel na faɗar kalma ɗaya, Daniyel na bi, in ya karkace a gyara masa, kamar yadda ake biya wa yaro karatu. A haka muka bar su, don magariba ta kawo jiki, muka tafi neman wajen alwala.

Fasfonsa ya fito bayan 'yan kwanaki, ya tafi. Ni ma na haɗa kayana na dawo ta hanyar da na bi. Na kira lambar Ingila da ya ba ni sau da yawa, ba ta shiga, wataƙila ni na rubuta ba daidai ba. Ya taɓa faɗa mini cewa watanninsu da wata suke tafiya kamar namu, amma suna gyara lissafin yadda kowace rana za ta riƙa faɗowa a yanayinta. To ga damina ta sake tsakiya, ranar Rifka tana nan kusa ko ta wuce. Jiya ina rufe shago ana yayyafi na tsaya da kwaɗo a hannu, ina tunanin inda tsohon nan yake, da ciwon gwiwarsa, da kyandir ɗinsa. Allah ya sa bana sun cika goma.